Hanyar da Ta Karkata Zuwa Ɗorawar Inna Basira

Mai girma shugaban taro, kuma shugaban Ƙungiyar 'Yan Asalin Tungan Sanda Mazauna Minna, Malam Sadisu. Ranka ya daɗe Mai Garin Tungan Sanda, ubanmu, tare da dattawan da ke zaune dama da hagunsa. Malam Liman, Allah ya ƙara lafiya. Fasto Noah da jama'ar majami'a. Arɗo da mutanensa na ruga, waɗanda rafi ɗaya muke sha da su. Babban baƙonmu na yau, wanda a gaskiya ba baƙo ba ne, ɗan garinmu Alhaji Musaddiq. Iyayena mata da ƙannena da ke zaune a rumfar can ta gefe, inda rana ta fi bugawa. Samarin da ke tsaye a baya sun harɗe hannu. Da duk wanda ya ajiye aikinsa ya zo filin makarantar nan ta unguwar Shango a Minna: assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu. Ina yi muku barka da zuwa, ina yi muku sannu da zama.

Sunana Nana Khadija. Wanda bai san fuskata ba ya san ƙanshin kayana, ko warinsu, ya danganta da hancin mutum, domin ni ce mai daddawa a bakin titin Fadikpe. A Tungan Sanda aka yanke mini cibiya, aure ne ya kawo ni Minna, kuma har yau sana'ata ba ta bar ni na yi nisa da gida ba. Mata ne suka zaɓe ni in yi jawabin godiya a madadinsu. Ɗazu Malam Sadisu ya ja ni gefe ya ce, "Yaya Nana, don Allah a taƙaita, abinci na jira." Na ce masa na ji.

Godiya ta tabbata ga Allah da ya tara mu lafiya. Ina gode wa Mai Gari da ya tako da kansa duk da ciwon ƙafa. Ina gode wa ƙungiya da ta shirya wannan buki na ƙaddamar da aikin hanya. Ina kuma gode wa Alhaji Musaddiq, wanda ya ɗauki alkawarin gyara mana hanya daga bakin kwalta har cikin gari, daga aljihunsa, bai nemi karo-karo ba, bai nemi ko leburanci ba. Wannan godiya daga zuciyata take, kuma ina roƙon a riƙe ta da kyau, domin abin da zai biyo bayanta ba kowa zai yi wa daɗi ba.

Magana ta farko ita ce hanyar kanta, don kada wani ya tashi daga nan ya ce Nana ba ta son ci gaba. Wa ya fi mu son hanya? Mu ne muke sauka daga motar Paiko a bakin kwalta da kaya niƙi-niƙi, mu tsaya muna roƙon mai babur kamar kyauta zai kai mu. Mu ne muke ganin doyar da mazajenmu da 'yan'uwanmu suka sha wahala a kanta tana isa kasuwa a kakkarye, dillali ya juya ta da ƙafa ya taya abin da ya ga dama. Babu wanda ke zaune a nan da bai taɓa tura motar John, direban garinmu, cikin laka ba. Ni da idona na ga Malam Liman ya naɗe babbar riga yana turi, yana salati, taya na watsa masa taɓo har rawani. Idan damina ta yi ƙarfi, mai rasuwa a Tunga sai dai mu yi masa ta'aziyya ta waya, mai suna kuma sai yaro ya fara zama kafin mu gan shi. Don haka ina son hanya, mata suna son hanya, kuma da a ce hanyar da muka sani za a bi a gyara, da tuni na gama magana na zauna.

Amma ba ita za a bi ba, kuma wannan ne ya kawo ni magana ta biyu. Ina roƙon dattawa su yi mini haƙuri, zan faɗi abin da suka fi ni sani, saboda yaranmu da aka haifa a Minna, waɗanda ba su san ɗorawa ba sai a cikin miya.

A garinmu ba a sayar da gona, aronta ake bayarwa. Baƙo ya zo, a nuna masa wuri, ya sare, ya noma, ya ci, 'ya'yansa ma su ci bayansa, babu mai tayar da shi. Abu ɗaya ne ba a ba shi, shi ne itatuwan da ya tarar a tsaye, ɗorawa da kaɗanya. Ƙasa tana hannun mai noma, itace yana hannun mai asali. Duk shekara idan ɗorawa ta nuna, mai asalin wurin, ko matarsa, ko 'yarsa, zai zo da doguwar gora mai ƙugiya, da rana tsaka, a gaban kowa, ya ɗebe abinsa, ya ware wa mai noma kwando guda na zumunci. Wannan ɗiban shi ne shaidarmu. Ba a rubuta ba, ba a buga hatimi ba, amma yaro ƙarami a Tunga idan ka nuna masa gona ka ce ta wa ce, ba zai duba wanda ke riƙe da fartanya ba, zai tuna wanda ya gani da gora. Haka muka taso, haka muka zauna da Fulani, haka muka zauna da Gbagyi, haka muka zauna da waɗanda iyayensu suka biyo jirgin ƙasa suka zo, ba mu taɓa kai juna kotu a kan gona ba.

To, akwai gonar da ke bakin kwalta, hannun dama idan za ka shiga gari. Kowa ya san Alhaji Musaddiq ke noma ta, kuma kafin shi mahaifinsa, Allah ya jiƙansa, shi ke noma ta. Kowa kuma ya san wanda ya ba mahaifinsa aronta, marigayi Baba Garuba. Baba Garuba ya rasu, ɗansa namiji guda ɗaya ya bi shi, aka bar matar Baba Garuba, Inna Basira, da jikoki ƙanana. Tsohuwar nan ce, da bayanta da ya lanƙwashe, take zuwa duk bazara ta tsaya a gindin ɗorawan gonar, a ɗebe mata, ta aika wa gidan Alhaji kwandonsu. Ba ta da wata gona da ta wuce wannan da za ta nuna wa jikokinta ta ce ga gadon kakanku. Ba ta da takarda, ba ta da ɗa mai kaki, ba ta da wanda zai shiga ofis ya yi mata Turanci. Itatuwan nan su ne bakinta.

Na san abin da wasu ke raɗawa. Za a ce ai Nana a wurin Inna Basira take sayen kalwa, cinikinta take karewa. E, a wurinta nake saya, kuma kalwarta ta fi ta kowa tsabta. Amma kalwa ba ta yanke a kasuwar Paiko ba, gobe idan na je zan cika buhu. Inna Basira ce ba ta da kasuwar da za ta je ta sayo wata gonar.

Magana ta uku, abin da na gani da idona, ba labari aka ba ni ba. Makon jiya na je gida. Da na sauka a bakin kwalta sai na ga katafila a ajiye, na ji daɗi har na yi guɗa ni kaɗai. Na kama hanya, sai na lura babu ko turke ɗaya a gefen tsohuwar hanyarmu. Turakun da aka kakkafa sun bar ta, sun karkata dama, sun shiga gonar nan, sun yi gwiwa a cikinta, sannan suka fito suka dawo kan tsohuwar hanya. Na bi su da ƙafa. Duk ɗorawar da ke gonar an shafa mata jan fenti, kaɗanya ma an shafa mata. Akwai wadda ke can ƙurya, nesa da turakun, wadda ko tirela ce za ta wuce ba za ta taɓa ganyenta ba, ita ma an shafa mata. Amma mangwaron da aka daddasa a gonar bayan rasuwar Baba Garuba, wanda wani ma a tsakiyar turakun yake, ko ɗigon fenti babu a jikinsa.

Jama'a, ni ban yi karatun hanya ba. Amma na yi tafiya a mota, na je Suleja, na je Bida, na je Kontagora, kuma abin da na sani shi ne hanya takan kauce wa itace. Ban taɓa ganin hanyar da ke bin itace ɗaya bayan ɗaya tana nemansu ba sai wannan.

Na samu direban katafilar, wani bawan Allah mai suna Ebenezer, yana cin rogo a inuwa. Na gaishe shi, na ce, "Ɗana, me ya sa hanyarku ta lanƙwasa nan?" Ya ce, "Mama, ni ba sani. Oga ya ce inda fenti ja ya bi, nan katafila zai bi. Ni aiki na zo." Na ce, "To waccan ta ƙuryar fa, katafila za ta je can?" Ya ce, "Wancan ba nawa ba. Masu injin yanka itace zai zo." Ban ga laifinsa ba, kuma na gode masa da bai yi mini ƙarya ba.

Na shiga gari na tambaya. Aka ce mini ai saboda laka aka karkatar da hanyar. Ranka ya daɗe Mai Gari, kai ka san inda lakar take. Tana gaba, kusa da rafi, inda motar John take kwana. Sabuwar hanyar ta zagaya busasshen tudu, sannan ta dawo ta faɗa cikin lakar nan dai da muke kuka da ita. Wace irin guje wa laka ce wannan?

Sai kuma aka ba ni labarin zaman da aka yi a ƙofar Mai Gari, wanda ban samu halarta ba. An ce da aka tambaya gonar wa hanyar za ta ci, Alhaji ya miƙe ya ce, "Tawa ce, kuma na yafe. Itatuwan da za a sare ma ba na son diyyar ko ɗaya." Aka yi kabbara, aka yi tafi, mata suka rangaɗa guɗa. Na san da zuciya ɗaya aka yi, domin kyauta aka ji, kuma mu mutane ne masu yaba kyauta. Amma ku tsaya ku sake sauraron maganar. Mutum ya tsaya a gaban Mai Gari, a gaban Liman, a gaban Fasto, a gaban dattawa, ya ce gonar tasa ce, itatuwan nasa ne, gari ya amsa masa da kabbara. A wurin da ba a rubutu, me ya rage kuma? Ya yafe abin da ba a hannunsa yake ba, mu kuma muka shaida masa. Inna Basira ba ta wurin, domin ba a kiran tsofaffin mata irin wannan zama, kuma babu wanda ya tuna ya ce a tambaye ta.

Yanzu ku haɗa da kanku. A sare ɗorawa, a bar mangwaro. Kututture ya ruɓe, gara ta cinye saura. Bazara ta zo, babu mai zuwa da gora, domin babu abin ɗiba. Tsohuwa ta koma ga Mahaliccinta, kamar yadda dukkanmu za mu koma. Jikokinta su girma su ce gonar kakanmu, a ce musu ina itacenku? Wanda kuwa ya dasa mangwaro, ga itacensa a tsaye, ga gari ya ji da kunnensa. Kuma kada mu yi kamar ba mu san abin da ƙasar bakin kwalta ta zama ba. Minna tana tafiya, tana cin gonaki ta hanyar Paiko, inda muka sani ana tulin doya jiya yau an ja waya an yanka fulotai. Gonar da ke da kwalta a gabanta, ga sabuwar hanya ta ratsa cikinta, ba doya za a ƙara shukawa a cikinta ba.

Alhaji, ƙanena, ina kallonka kana kallona. Ban ce ka shirya wannan ba. Zuciyarka Allah ne kaɗai ya san abin da ke cikinta, kuma na san alherin da ka yi wa mutane da dama a wurin nan, har da ni. Mai yiwuwa mai fentin ne ya yi gaban kansa. Mai yiwuwa bakinka ne ya suɓuce a ƙofar Mai Gari, domin wanda ya tashi ya ga ubansa na noma wuri yakan manta aro ne. Idan haka ne, gyaran ba shi da wuya, kuma ba zai ci maka ko buhun siminti ba. Ga abin magana a hannuna, zan miƙa maka. Ka faɗa a gaban mutanen da suka yi maka kabbara cewa ɗorawan gonar bakin kwalta na gidan Baba Garuba ne, kuma ba za a taɓa su ba sai da yardar Inna Basira. Ka faɗi haka, ni kuma in durƙusa a gabanka a filin nan in nemi gafarar zargin da na yi maka. Wallahi zan yi, kuma da farin ciki zan yi.

Saura magana ta ƙarshe, wadda ita ce ta hana ni zama lafiya a kujerata tun da na iso. Ina so kowa ya ɗaga kai ya dubi na kusa da shi. Ga Mai Gari, ga dattawa kaf. Ga Liman, ga Fasto, ga Arɗo. Ga 'yan banga sun sha kaki sun zo yi mana fareti. Ga 'yan makaranta an kawo su rera waƙa, da malamansu. Ga matan gari, har masu jego. Motoci aka aika kyauta da safen nan aka kwaso kowa, aka ce a zo Minna a ci shinkafa. Tun da nake ban taɓa ganin Tungan Sanda ta taru wuri ɗaya haka ba, ko ranar Salla, ko ranar Kirsimeti. To ina tambaya, wa aka bari a gida? Kuma me ya sa bukin hanyar Tunga ba a yi shi a bakin hanyar Tunga ba, inda katafilar take, sai a Shango? Na duba rumfunan nan ɗaya bayan ɗaya ban ga Ebenezer ba, alhali shi ne mai aikin da muke yi wa buki. Jama'a, ba zan ɓoye muku ba, tsoro nake ji kada yau ɗin nan a sare itatuwan.

Na tambayi ƙawata Dorothy, wadda ta zo a motar ƙarshe, ko Inna Basira ta shigo. Ta ce a'a. Ta ce sun tsaya a ƙofarta, sun yi roƙo, sun ce Inna ki zo ki ga Minna, an ajiye miki gidan gaba. Tsohuwa ta ce su je, Allah ya kiyaye hanya. Motar ta daɗe a gari tana kwasar sauran mutane. Da ta fito bakin kwalta, sai suka hango tsohuwar ta riga su isa gonar, ta shimfiɗa tabarma a gindin babbar ɗorawar, ga butarta a gefe. Dorothy ta leƙo ta taga ta ce, "Inna, me za ki yi a nan ke kaɗai? Idan sun zo da inji ai ba za ki iya hana su ba." Ta ce, "Na san ba zan iya ba, 'yata. Amma dai a samu mutum ɗaya da ya gani."

Mutum ɗaya, ranka ya daɗe. Tsohuwa ɗaya, wadda idonta ma ya fara hazo. Malam Liman yana nan, Fasto yana nan, ku tambaye su ko akwai inda shaidar mutum ɗaya take tsayawa. Mu da ya kamata mu gani, mu da ganinmu shi ne takardarta, muna nan zaune a Shango muna jiran a buɗe tukunya.

Don haka roƙona ga shugaban taro shi ne a ɗage cin abincin nan. Motocin da suka kawo mu suna bakin ƙofa, kuma Tunga ba nisa gare ta ba. A cika ko guda ɗaya, Mai Gari a gaba, Alhaji a gefensa idan ya yarda, mu je mu gani. Idan mun tarar da itatuwa a tsaye, katafila a kashe, Inna tana gyangyaɗi a tabarmarta, sai ku yi mini dariya har mu dawo, ku yi ta ba jikokinku labarin ranar da mai daddawa ta hana gari cin shinkafa. Zan ɗauka. Idan kuwa mun tarar da wani abu daban, to aƙalla ba ita kaɗai ta gani ba.

Ya Allah, ka ba mu hanya mai albarka, wadda ba za ta bi ta kan haƙƙin kowa ba. Allah ka ja zamanin Mai Gari, ka ba shi ikon faɗin gaskiya ga na kusa da na nesa. Allah ka saka wa Alhaji Musaddiq a kan duk alherin da ya yi niyya, ka kuma tsare shi daga cin abin marayu, da saninsa ko ba da saninsa ba. Allah ka jiƙan Baba Garuba da ɗansa, ka jiƙan wanda aka ba aro da wanda ya bayar. Allah ka ba mu damina mai albarka, ka zaunar da garinmu lafiya, manomi da makiyayi, Musulmi da Kirista. Allah ka sa zargina ya zama kuskure. Allah ka sa mu isa kafin masu inji.

Ni dai na ɗauki mayafina, ina bakin mota. Wanda zai zama shaida na biyu ya taso. Na gode.